Ƙura da Inji: Abin da Hamada ta Koya wa Maƙeran Mota

Duk wanda ya je sayen matatar iska ta motar daji, irin su Hilux da Land Cruiser da ake keta rairayi da burji da su, zai tarar an jera masa iri uku ko huɗu a kan kanta. Akwai ta kamfanin da ya ƙera motar, mai tsada. Akwai mai kama da ita a ido, amma da sauƙin kuɗi. Akwai kuma ta auduga wadda ake shafa wa mai, da ake cewa tana barin inji ya sha iska sosai ya ƙara ƙarfi, kuma in ta yi datti wankewa ake yi a mayar. Mai saye yakan yanke shawara da tambaya biyu: nawa ce, kuma za ta ƙara wa mota gudu? Tarihin wannan 'yar na'ura, wanda bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, ya nuna cewa tambayoyin nan biyu a baya suke zuwa. A gona mai ƙura aka haifi matatar iska, a fagen yaƙin hamada ta girma, kuma duk inda aka gwada ta da gaske, da abu ɗaya aka fi auna ta, wato yawan ƙurar da ta hana shiga inji. Duk lokacin da mutanen da ransu ya rataya a kan inji suka tsaya tsakanin ƙarin ƙarfi da tsabtar iska, tsabtar iska suka ɗauka, suka haƙura da abin da ya ragu na ƙarfin. Wannan hukuncin nasu har yau bai tsufa ba, kuma shi ya kamata ya ja ragamar zaɓin mai motar daji.

Sai an san yawan iskar da inji ke zuƙa sannan a gane girman al'amarin. Injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai, abin da ya kama lita 9,000 zuwa 10,000 na iska a kan kowace lita guda ta fetur. Injin dizal mai girman lita 4.2, irin wanda ke cikin Land Cruiser da yawa, idan yana juyawa sau 2,000 a minti, yana jan kusan lita 4,000 na iska a minti ɗaya, wato fiye da lita 200,000 a awa. Duk wannan iskar ta ƙofa ɗaya take bi. Ƙurar da ke cikinta kuwa yawancinta garin dutse ne, irin ma'adinin da ake yin gilashi da shi, wanda yake mataki na 7 a ma'aunin tauri na Mohs mai mataki 10, ya kuma fi ƙarfen bangon silinda tauri. Manyan ƙwayoyin yashi ba su cika zama matsala ba, don kowace irin raga tana tare su. Masu ɓarna su ne ƙananan, masu girman maikiron 5 zuwa 20, alhali kaurin gashin mutum ya kai wajen maikiron 70. Su ne ke kutsawa tsakanin ringi da bangon silinda, su cakuɗe da baƙin mai, su mai da shi kamar dutsen wasa wuƙa da ke bin kowane lungu na inji. Daga nan sai ringi ya saki, inji ya fara shan mai, hayaƙi ya canza launi, ƙarfi ya ragu, a ƙarshe a sauke inji. Ɓarnar ba ta ƙara, ba ta kuma warkewa, domin ƙarfen da aka goge ya tafi ke nan.

Motocin farko ba su da matata ko kaɗan. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, haka take fitowa daga kamfani da bakin kafireto a buɗe, kuma ba a ga abin a matsayin aibu ba, tunda injin zamanin ba a sa masa ran dogon kwana. Inda abin ya fara zama dole shi ne gona, wurin da tarakta ke yini cikin ƙurar da ita kanta ta tayar. A 1915 wani dillalin kamfanin Bull Tractor na birnin Minneapolis, mai suna Frank Donaldson, ya je wurin wani manomi a jihar Utah ta Amurka wanda taraktarsa ta ƙi zama lafiya. Ana gyara ta, sai ta sake kwanciya bayan ɗan lokaci. Donaldson ya lura cewa ƙurar gonar ce ke shiga ta kafireto tana cinye injin, sai ya lanƙwasa waya ya yi keji, ya naɗe shi da wani lallausan ƙyalle, ya ɗaura a bakin shigar iska. Taraktar ta ci gaba da aiki. Daga wannan kejin ne kamfanin Donaldson ya samo asali, wanda har yau yana cikin manyan masu ƙera matatu na taraktoci da manyan motoci da injinan tono. Abin lura a nan shi ne ƙyallen ya rage wa injin iska, babu shakka, domin duk abin da ya tare ƙura dole ya ɗan tare iska. Manomin bai damu da hakan ba. Tarakta mai ɗan rauni da ke aiki duk damina ta fi masa mai ƙarfi da ke kwance a gefen gona.

Ƙyalle yana saurin toshewa, don haka daga shekarun 1930 wata dabara ta mamaye kasuwa, wato matata mai kwanon mai. Tsofaffin kanikawa sun san ta sarai. Gwangwani ne mai tsawo, a gindinsa akwai kwano da ake zuba baƙin mai har zuwa wani layi da aka zana. Iska tana shigowa daga sama ta gangara da gudu zuwa fuskar man, sai a tilasta mata ta yi kwana ta koma sama. Ƙura mai nauyi ba ta iya wannan kwanar, sai ta zarce ta faɗa cikin mai. Iskar da ta juya tana ɗauke da feshin mai zuwa cikin wani curin zaren ƙarfe da ke saman gwangwanin, ƙananan ƙwayoyi su manne a can, man ya riƙa ɗigowa yana wanko su zuwa kwano. In lokacin gyara ya yi, sai bakanike ya ɓalle maƙallan gindin, ya zubar da man, ya kankare laka mai kauri da ta kwanta a ƙasan kwanon, ya wanke zaren ƙarfen da kananzir, ya bari ya tsane, ya zuba sabon mai daidai layi, ya mayar. Ba a sayen komai sai mai, ba a kuma jefar da komai. Da irin wannan matatar Jeep na sojan Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, haka ma ƙaramar motar sojan Jamus da kamfanin Volkswagen ya ƙera.

Yaƙin arewacin Afirka, daga 1940 zuwa 1943, shi ne babbar jarabawar da aka taɓa yi wa inji a cikin ƙura, kuma duka ɓangarorin sun shiga ta ba tare da cikakken shiri ba. Rundunar Jamus da Rommel ya jagoranta ta fara sauka a Tarabulus a watan Fabrairun 1941 da tankokin da aka ƙera don yanayin Turai. Bayan farmakin farko da suka keta gabashin Libiya a watan Afrilu, tankoki da yawa sun ƙare a wurin gyara ba tare da harsashi ya taɓa su ba, ƙura ce ta gama da injinansu, har sai da aka sake fasalin matatu da hanyoyin shigar iska na tankokin da ake turawa Afirka. Ingila ma ta sha irin wannan a sama. Jiragen yaƙinta, Hurricane da Spitfire, suna tashi ne daga filayen ƙasa inda farfelar jirgin gaba ke turnuƙe na baya, sai aka ɗaura musu babbar matata ta kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci. Matatar ta ɓata sigar jirgin, ta rage masa gudu da 'yan mil a awa, kuma matuƙa ba su so ta ba, domin a faɗan sama ɗan wannan bambancin yana iya zama rai ko mutuwa. Duk da haka ba a cire ta ba. Abin da kanikawan sansanin gyara na Abukir, kusa da Iskandariyya a Masar, suka yi shi ne ƙera wata ƙarama wadda ba ta tare iska sosai. Wannan tarihin ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye, domin daga 1940 ana kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yau, a haɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, su bi ta Janaina da Fashir da Khartoum har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanyar, suna sauka da tashi a filayen da hazon hunturu ke rufewa.

Dabarar da Jamusawa suka yi wa jirginsu Messerschmitt 109 tana da darasi na musamman ga mai mota. Sun sa wa matatar ƙofa a gaba. Idan jirgi yana ƙasa ko yana tashi, ƙofar a rufe take, dole iska ta bi ta matata. Da ya yi sama ya bar ƙura, sai matuƙi ya buɗe ƙofar iska ta shiga kai tsaye. Wato har mutanen da suka fi kowa buƙatar ƙarfin inji ba su yarda su saki iska ba sai a inda suka tabbata babu ƙura. Motar daji kuwa ba ta da sama da za ta hau. A daidai lokacin yaƙin wani hafsan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya shafe shekaru yana keta hamadar Libiya da motocin Ford, ya kafa rundunar sintiri ta Long Range Desert Group a 1940, ya kuma wallafa littafinsa kan yadda iska ke tafiyar da yashi a 1941. Ya nuna cewa yashi da ƙura ba tafiya ɗaya suke yi ba. Ƙwayar yashi tsalle take yi kusa da ƙasa, akasari ba ta wuce tsayin ƙugun mutum, ƙura kuwa tana tashi ta rataye a iska ta daɗe. Wannan ya bayyana amfanin bututun da ake ɗagawa zuwa saman gilashin gaba na motocin daji, da kuma wani kai mai juya iska da ake sa masa domin ya watsar da manyan ƙwayoyi gefe. Suna rage wa matata kaya, su ƙara mata kwana. Amma ƙura mai laushi, wadda ita ce mai kashe inji, tana kai wa bakin bututun kamar yadda take kai wa ko'ina, musamman ga motar da ke bin bayan wata. Bututu mataimaki ne, matata ce mai aikin.

Bayan yaƙi motocin da suka buɗe hanyoyin karkara a Afirka ta Yamma da matata mai kwanon mai suka zo. Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948, ta riƙe ta shekaru da dama, taraktoci da manyan motoci na zamanin ma haka. A kan irin waɗannan injinan ne kanikawan farko na Kano da Kaduna da Damagaram da Agadas suka koyi sana'a, suka koya wa yaransu, kuma ƙa'idar da suka riƙe daidai ce a lokacinta: matatar iska abin tsaftacewa ce, ba abin canzawa ba. Sai dai tun shekarun 1950 masana'antu suka fara komawa ga matatar takarda, wadda ake jiƙa da wani irin ƙaro a nannaɗe ta ninki-ninki domin fili mai faɗi ya shiga ƙaramin wuri. Dalilin sauyin bai tsaya ga sauƙin kuɗin ƙira ba. Kwanon mai yana aiki sosai ne kawai idan iska na gudu, don gudun ne ke jefa ƙura cikin mai. Idan inji na tafiya a hankali, kamar lokacin da mota ke rarrafe a rairayi ko tana tsaye a kunne, ƙura mai laushi takan yi kwanar tare da iska ta wuce. In mota ta karkace a gangare mai yakan zube ko a zuƙe shi, kuma injin dizal da ya zuƙi mai ta bakin iska yana iya ƙwacewa ya yi ta gudu ko an kashe makulli. Takarda mai kyau kuwa tana tare fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙura, ko inji na gudu ko yana tafiyar hawainiya.

Tare da takarda aka samu ma'auni na bai ɗaya. Tun wajen 1940 sashen AC na kamfanin General Motors ya riƙa tattara ƙura daga kwarin Salt River a jihar Arizona, yana tankaɗe ta zuwa mai laushi da mai tsakuwa, domin kowa ya gwada matatarsa da ƙura iri ɗaya. Zuriyar wannan ƙurar ake amfani da ita har yau a gwajin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 5011. Ana hura wa matata ƙura da aka auna nauyinta, a sa wani tarko a bayanta ya kama duk abin da ya wuce, sannan a fitar da sakamako uku: kashi nawa ta tare, giram nawa ta ɗauka kafin ta toshe, da kuma yadda take takura wa iska. Lissafin kashin farko yana yaudarar ido. Matata mai tare kashi 99 da mai tare kashi 99.9 kamar kusa suke, amma idan kilo ɗaya na ƙura ya zo bakin kowace, ta farko za ta bar giram 10 ya shiga inji, ta biyu giram 1. Ninki goma ke nan. Wadda ke tare kashi 97 kuwa giram 30 za ta bari. Gwajin ya kuma tabbatar da wani abu da ya saɓa wa zato: matatar takarda ta fi rauni ranar da take sabuwa, ta fi tarewa bayan ƙura ta yi mata shimfiɗa, domin ƙurar farko tana toshe manyan ƙofofin takardar ta zama matata ita ma.

A nan ne tsohuwar ƙa'ida ta zama matsala. Kowa ya san abin da ake yi a gareji ko wurin mai faci. A zare matata, a buga ta a jikin taya har ƙura ta tashi, sannan a kawo bututun injin iska a hura mata da dukkan ƙarfin da ake cika taya da shi, sau da yawa daga waje zuwa ciki, a ɗaga ta a ga ta yi fari-fari, a mayar. A ganina wannan gadon zamanin kwanon mai ne da aka ɗora wa abin da ba a yi shi don haka ba. Zaren ƙarfe yana jure wanki sau ɗari, takarda kuwa tana tsagewa a bakin ninki, tsagar da ido ba ya gani sai an sa fitila a ciki a wuri mai duhu. Bugun taya yana lanƙwasa bakin roba da ke rufe tsakanin matata da gidanta. Ban da haka, duk buɗe murfi da aka yi a fili mai ƙura dama ce ga datti ya faɗa ɓangaren da ya kamata ya zauna da tsabta. Gaskiya ne wasu kamfanoni sun yarda a hura matata, amma da sharaɗi: iska marar ƙarfi, daga ɓangaren tsabta zuwa waje, ba sau da yawa ba, kuma a duba ta da haske kafin a mayar. Manyan injina ma suna da matata biyu, babba a waje da ƙarama a ciki, kuma ta cikin ba a taɓa hura ta, canzawa ake yi. Suna kuma da ɗan ma'auni da ke nuna ja idan takurar ta kai iyaka, domin ido ba ya iya sanin ko matata ta gama aiki. Wadda ta yi jawur da ƙura tana iya zama a tsakiyar ƙarfinta.

Mai ja da wannan magana zai kawo 'yan tsere, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Matatar auduga mai mai daga tseren ƙasa ta fito. Ken Johnson da Norm McDonald, masu harkar babura a California, su suka kafa kamfanin K&N, kuma a 1969 suka fito da matata ta ƙyallen auduga ninki-ninki tsakanin ragar waya, wadda ake wankewa a sake shafa mata mai. Baburan daji kuma sun daɗe suna amfani da soso mai mai. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Aljeriya da Agadas da Mali, kuma daga cikin ababen hawa 182 da suka tashi, 74 ne suka isa. In irin waɗannan matatun sun yi aiki a can, me zai hana su yi a hanyar ƙauye? Amsar tana cikin yadda ɗan tsere ke rayuwa da injinsa. Yana wanke matatarsa ko ya sa wata duk dare, yana shafa man da aka yi domin wannan aikin daidai gwargwado, kuma injin nasa makonni biyu ko uku kawai ake nema ya yi kafin a warware shi. Direban haya ko na asibitin karkara shekaru yake nema. Auduga da soso ba sa tarewa sai da mai, kuma idan man ya bushe a zafin bazara ko ƙura ta shanye shi, sai ƙofofin su zauna a buɗe. In kuma an cika man, yana iya bin iska ya shafe na'urar da ke auna iska a injinan zamani, kwamfutar mota ta rikice. Ƙarin ƙarfin da ake magana kuwa ba ya bayyana sai inji na kan ƙololuwar gudunsa, wurin da motar da ke lallaɓawa a rairayi ba ta cika zuwa ba. Wanda zai iya ɗawainiyar ɗan tsere yana iya amfani da kayan ɗan tsere. Wanda ba zai iya ba, ya sayi haɗarin ne ba tare da ribar ba.

Hujja ta biyu ita ce ta shan mai. Ana cewa matatar da ta fara cika tana sa mota shan fetur, don haka gara mai sakin iska ko kuma a yawaita hurawa. Wannan ma gaskiyar wani zamani ce. A injin kafireto, takurar iska tana sa a zuƙo mai fiye da kima, tsohon injin dizal kuma yakan yi baƙin hayaƙi. Amma a 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motocin fetur na zamani masu injekta tare da wata tsohuwa ta 1972 mai kafireto, aka toshe matatunsu da gangan. Tsohuwar ta ƙara shan mai. Na zamanin ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba, sai dai sun yi nauyin tashi, domin kwamfutarsu tana auna iskar da ta samu ta ba da mai daidai da ita. Ma'anar wannan ita ce a mota ta zamani, illar matatar da ta cika a fili take, direba zai ji ta a ƙafarsa, kuma tana gushewa da zarar an sa sabuwa. Illar matatar da ke zubar da ƙura kuwa a ɓoye take, mota ma takan fi daɗin tuƙi da ita, har ranar da za a ce sai an sauke inji. Idan dole ne a yi kuskure, kuskuren da ake iya gyarawa da 'yan kuɗi ya fi wanda sai an sayar da kadara.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, domin ta talauci da nisa ce. Mutumin da ke tsakanin Agadas da Dirku, ko a dajin Yobe, ba shi da shagon kayan gyara a kusa, kuma ta asali tana da tsada. Ashe kwanon mai na da bai fi masa ba, tunda baƙin mai kawai yake nema? Ga tsohuwar tarakta ko injin ban-ruwa da aka ƙera da shi, lallai a bar shi, a kula da layin mai, a kankare laka a kan kari. Amma ga injin zamani mai turbo, wanda farfelarsa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti kuma sassansa sun matse da juna, ƙura mai laushi da kwano ke bari ta yi yawa. Ƙurar yankinmu kuwa tana cikin mafi laushi. Kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe, shi ne wuri guda da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kimanin kwana 100 a shekara. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi garin ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu, wanda shi ma dangin ma'adinin gilashi ne, ta yo kudu maso yamma da shi. Babban rabo na hazon da ke rufe Kano da Maraɗi a hunturu daga can yake. Maganin nisa shi ne a ɗauki matata ta biyu a cikin ledarta, kamar yadda ake ɗaukar safayar taya. Maganin tsada kuwa a kwatanta kuɗinta da kuɗin ringi da fistan da aikin bakanike da kwanakin da mota za ta yi ba ta nema. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi, domin jabu yawanci a wuri biyu take gazawa, ƙarancin takarda da robar baki marar kyau.

Abin da shekara ɗari na gona da yaƙi da ɗakin gwaji suka tara bai fi a riƙe shi a ka ba. A fara da dacewa, lambar matatar ta zama ta wannan injin, robar bakinta mai laushi ce da ke zama daram a gidanta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma matata mafi kyau a duniya ba ta da amfani in iska na zagaye ta. A ɗaga ta a ji nauyi, a ƙirga ninkin takarda a kwatanta da ta asali, a duba ko gam ya kama ko'ina. In kamfanin ya buga sakamakon ISO 5011, a nemi kashin tarewa da ƙura mai laushi kafin a kalli alƙaluman iska. Bayan tafiya mai ƙura kuma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a zare bututun da ke bayan matata, a shafa farin ƙyalle a cikinsa. In ya fito da tsabta, zaɓin ya yi. In ya fito da ja ko toka-toka, to komai sunan da ke jikin kwalin, matatar ta gaza aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, kuma a canza ta kafin a sake tayar da motar.